Wa ke tsara lokutan sassan Hausa na gidajen rediyon waje, kuma me ake fara sakawa a shiri?

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san aikin rediyo ciki da bai ce, musamman na gidajen ƙasashen waje masu sashen Hausa.

An ɗora mini tsara jadawalin shirye-shirye a wata ƙaramar tashar FM a nan Kaduna, ina kuma son in gane yadda manya ke tsara nasu kafin in taɓa namu. Abu uku ne suka tsaya mini. Na farko, me ya sa gida kamar BBC, da duk ƙarfinsa, yawancin shirinsa na Hausa ba ya wuce rabin awa, kuma me ya sa sai 6:30 da 7:30 na safe, da 3:00 na rana, da 8:30 na dare? Na biyu, me ke sa a riƙa sauya mitocin gajeren zango, har dattijo ya murɗa rediyonsa inda ya saba ya ji tsit? Na uku shi ya fi damuna: in labarai suka yi yawa, wa ke yanke wanda zai zo farko da wanda za a ajiye? A majalisa ana yawan ƙorafin cewa abu zai faru a jihar nan, amma sai an gama labarin Gabas ta Tsakiya sannan a zo kansa.

Bayanin aiki nake nema, wanda zan iya ɗauka in yi amfani da shi. Allah ya saka da alheri.

Hajiyar Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ɗauki ta farko, ta biyu in bar wa injiniyoyi.

Mai tsara jadawali yana farawa ne da wunin mai sauraro, kuma wunin Bahaushe salla ce ke raba shi. A Kaduna alfijir na ketowa tsakanin wajen ƙarfe 4:50 da 5:40, gwargwadon watan da ake ciki. An idar da Asuba, an yi karatu, ana jiran koko ko shayi, ba a fita gona ko kasuwa ko ofis ba tukuna. Daga 6:00 zuwa 8:30 ɗin nan shi ne lokaci mafi tsada a rediyon Hausa, shi ya sa kowane gida ke son ya samu gurbi biyu a cikinsa in da hali. Gurbi na biyu shi ne tsakanin Azahar da La'asar, rana ta take, an dawo inuwa. Na uku bayan Isha'i. Isha'i a nan takan shiga tsakanin 7:15 da kaɗan bayan 8:00, don haka wanda ya riƙe 8:30 ya tsira duk shekara: ko a watan Yuli da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, mutane sun fito masallaci.

Ka jera lokutan da aka shafe shekaru ana ji da agogon Najeriya da Nijar, za ka ga abin da nake nufi. Da safe: Muryar Amurka 6:00, BBC 6:30, RFI 7:00, BBC da DW 7:30, sannan Muryar Amurka da RFI 8:00. Da rana: DW 2:00, BBC 3:00, Muryar Amurka 4:00, RFI 5:00. Da dare: DW 7:00, BBC 8:30, RFI 9:00, Muryar Amurka 9:30. Ba yarjejeniya suka zauna suka ƙulla ba. BBC ta fara Hausa a 1957, DW a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, kuma duk wanda ya zo daga baya ya tarar an riga an shimfiɗa tabarma, sai ya nemi inda babu kowa. Mai sauraro ɗaya ne suke rabo: yana gama wannan ya murɗa ya kama wancan. Wanda ya sa shirinsa daidai da na wanda ya fi shi jama'a ya san zai yi asara, sai in ba shi da zaɓi. Gurbin 7:00 zuwa 8:00 na dare ma yana da tasa matsalar, don a wasu watanni Magariba na cin farkonsa, a wasu kuma Isha'i ta ci ƙarshensa. Mai irin wannan gurbi dole ya maimaita kanun labarai a tsakiyar shiri saboda wanda ya shigo a makare.

Abu na gaba: duk jadawalin a agogon GMT ake rubuta shi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaban GMT da awa ɗaya duk shekara, ba sa sauyawa. Birtaniya da Jamus da Faransa kuwa suna tura agogonsu gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Da a agogon London aka ɗaure shirin, da sau biyu a shekara zai gusa mana da awa guda. Sai aka ɗaure shi a GMT, ma'aikacin da ke Turai shi ke sauya lokacin fitowarsa aiki. Wanda ke ɗaukar nauyin wannan tsari shi ne mai sauraro a zangon Kumasi ko Nima a Accra, don Ghana a kan GMT take, shirin 6:30 ɗinmu 5:30 yake samunsa. An san da haka, amma ana bin inda jama'a suka fi yawa.

Maganar rabin awa kuwa, ka duba abin da ke cikinta. Rabin awar labarai zalla tana cin aikin mutane da yawa: edita, mai haɗa shiri, mai gabatarwa, mai karanta labaran duniya, masu fassara daga kamfanonin dillancin labarai, mai kula da na'ura, ga wakilai a jihohi da ƙasashe da kowannensu sai an saurari rahotonsa an tace kafin ya fita. Ba kiɗa ake cike gurbi da shi ba, ba gaishe-gaishe ba. Sau huɗu a rana, kwana bakwai a mako, yana nufin ma'aikata kashi uku, har da masu kwana saboda shirin safe. In ka ce a ƙara minti 15 a kowane shiri, ka ƙara awa guda ta rahotanni kullum, kuma in ba ka ƙara mutane ba maimaici za a riƙa yi. A ganina rabin awa mai nauyi sau huɗu ta fi awa biyu a jere, domin labari na sauyawa tsakanin safe da dare, kuma manomi ba shi da awa biyu da zai zauna.

Shirye-shiryen mako-mako irin su Amsoshin Takardunku da Gane Mini Hanya da Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu ana tura su ƙarshen mako ne saboda dalili biyu: ofisoshin gwamnati da kotuna da majalisu a rufe suke, labari ya yi ƙaranci, sannan ana iya naɗar su tun tsakiyar mako a rage ma'aikatan Asabar da Lahadi. Shirin muhawara kamar Ra'ayi Riga yana buƙatar lokaci mai tsawo, shi ya sa aka ba shi daren Juma'a aka tsawaita gurbin.

Injiniyan Kakuri:

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Malam Ɗan Rigasa, ga ta biyu, kuma za ka ga tana da hannu a ta farkon ma.

Gajeren zango ba kai tsaye yake zuwa rediyonka kamar FM ba. Eriya na harba shi sama, ya daki wani rufi na iskar da hasken rana ya caja, a tsayin kilomita 200 zuwa 400, ya sauko ƙasa can nesa. Tsalle ɗaya ba ya wuce kimanin kilomita 4,000. Ƙasa da wancan rufin akwai wani a tsayin kilomita 60 zuwa 90, wanda da rana kawai yake samuwa, aikinsa shanye ƙananan mitoci. Daga nan ƙa'idar ta fito: da rana a hau sama, da dare a sauko. Shirin rana za ka same shi a mita 19 ko 16 ko 13, wato wajen megahaz 15, 17 da 21. Shirin dare da na asuba a mita 49, 41, 31, wato wajen megahaz 6, 7 da 9. Mita 25 tana tsakiya, tana amfani a lokutan da rana ke fitowa ko faɗuwa. In aka sa mita 49 da tsakar rana daga nesa, za ta mutu a hanya. In aka sa mita 13 da tsakar dare, za ta huda rufin ta wuce, ba za ta dawo ba.

Shirin safe ya fi kowanne wahalar tsarawa. BBC na da tashar watsawa a tsibirin Ascension a tekun Atlantika tun 1966, nisan kilomita 3,000 da ɗoriya daga Kaduna ta kudu maso yamma. Ƙarfe 6:30 namu gari ya waye a nan, amma can tsibirin duhu ne. Rabin hanya dare, rabi safiya. Mitar da ta yi kyau a 6:30 za ta iya raunana kafin 7:30, shi ya sa shirye-shiryen safe biyu ba lalle su zo a mita ɗaya ba ko da awa guda ce kawai tsakaninsu. A da Muryar Amurka tana da tasha a Sao Tome, kilomita 1,100 da 'yan kai daga nan, kusancin ya ba ta damar amfani da mita 60. RFI daga Issoudun a tsakiyar Faransa take harbowa, wajen kilomita 4,000. Daga tashar watsawa ta Woofferton a Ingila kuwa sai an yi tsalle biyu, kuma kowane tsalle yana rage ƙarfi.

Sauyin da dattawa ke kuka da shi sau biyu ake yinsa a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Kafin kowanne, gidajen rediyo da masu tashoshin watsawa kan yi taro a ƙarƙashin HFCC, ƙungiyar daidaita mitocin gajeren zango, bisa dokokin hukumar sadarwa ta duniya ITU, kowa ya kawo mitar da yake so, da lokaci, da ƙarfin na'ura, da inda eriya za ta fuskanta. Tazarar da ke tsakanin gurbi da gurbi kilohaz 5 ce kacal, don haka in gidaje biyu suka nufi yanki ɗaya a mita ɗaya ko maƙwabciyarta sai ɗaya ya matsa. Ban da sauyin damina da rani na can arewacin duniya, ita rana kanta tana da zagaye na kusan shekara 11 na ƙarfi da rauni. Zagayen da muke ciki ya fara a ƙarshen 2019 ya kai ƙololuwa wajen 2024. Lokacin ƙarfinta manyan mitoci na aiki sosai, in ta yi sanyi kowa ya ruga ƙananan mitoci a yi cunkoso.

Yanzu ga inda ya haɗu da maganar Hajiya. Yawancin gidajen nan hayar na'urar watsawa suke yi, da awa ake biya, kuma kwangila ta kakar gaba ɗaya ce. Na'ura mai kilowat 250 tana jan wuta fiye da hakan, a tsibiri kuma man da ake kawowa a jirgin ruwa ne. Ana sa shiri ɗaya a mita biyu ko uku saboda in ɗaya ta gaza wata ta kai. Yi lissafi: shiri huɗu na rabin awa awa biyu ke nan, sau mita uku awa shida, sau kwana 365 awa 2,190 a shekara. Ƙarin minti 15 ɗin da Hajiya ta ambata zai ɗora wasu awa 1,095. Sannan na'urar da ta gama Hausa ba hutawa take ba, nan take za ta sauya mita da eriya ta ɗauki Faransanci ko Ingilishi zuwa wani yanki. Sauyin na cin daƙiƙoƙi, shi ya sa shirin rabin awa a zahiri minti 29 ne da 'yan kai, kuma mai gabatarwar da ya zarce za a yanke shi a tsakiyar magana. Wannan ne kuma dalilin da ba a gusar da lokacin shiri saboda azumi, ko da an san sahur da buɗa-baki da tafsiri sun sauya wunin mutane. Abin da ke cikin shirin ake sauyawa.

Ba duk rashin kamawa ne laifin tasha ba. Cajar waya mai arha, ƙwan lantarki mai tsimin wuta, inbata da na'urar sola duk suna zuba ƙara a gajeren zango. A gwada da batir, a matsa kusa da taga, a ɗaura wayar wuta mai tsawon mita biyar zuwa goma a jikin eriya a rataye ta waje, a cire ta in hadari ya taso. Da damina walƙiya na cika ƙananan mitoci da ƙarar tartsatsi. Murya mai karkarwa bayan faɗuwar rana kuma daga sama take: yankinmu na kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, rufin nan yakan hargitse da almuru, ya fi yawa wajen Maris da Satumba. Maganinta a koma ɗaya mitar.

Ɗan Rigasa:

Na gode Hajiya, na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. To in haka ne tsadar, me ya hana su ba tashoshin FM na gida su riƙa sakawa kai tsaye a huta? Kuma har yanzu ina jiran ta ukun.

Malamin Tudun Wada:

Ɗan Rigasa, ta FM gajeriya ce. A Afrilun 2004 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana tashoshin Najeriya ɗauko labaran gidajen waje kai tsaye. Wannan ya sa gajeren zango ya daɗe da muhimmanci a nan fiye da Nijar, inda aka saba jin su a FM. Amma FM a hannun gwamnatin ƙasar take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijar ta dakatar da RFI a watan Agusta, a Disambar 2024 kuma ta dakatar da BBC wata uku. Gajeren zango ba ya neman izinin kowa kafin ya shigo, don haka mai tsara shiri da ya san aikinsa ba ya sakin sa gaba ɗaya a yankin da sojoji ke mulki.

Ta ukun. Hukuncin na editan da ke kan aiki ne a wannan shiri, bayan taron safe da ake yi da shugaban sashe ko mataimakinsa. A taron ana duba kundin abubuwan da aka san za su faru, kamar zaman kotu, taron ECOWAS ko gabatar da kasafi, sannan abin da wakilai suka turo, sannan abin da ya faru cikin dare. Daga nan a rubuta jerin shiri, kowane abu da tsawonsa har daƙiƙa.

Ga yadda minti 29 kan rabu, a matsayin misali. Take da kanu, minti ɗaya. Labaran duniya, minti biyar zuwa shida, labari bakwai ko takwas, kowanne daƙiƙa 30 zuwa 45. Wasanni minti biyu ko uku, rufewa da maimaita kanu minti ɗaya. Abin da ya rage minti 18 zuwa 20 ne, kuma rahoto mai muryoyi yana cin minti biyu da rabi zuwa uku da rabi. Rahoto shida ke nan, in an matsa bakwai. Shida ɗin nan su za a raba wa jihohin Arewa 19, da Abuja, da Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi, da duniya. Duk ƙorafin da kake ji a majalisa daga wannan lissafi ya taso.

Ƙorafin kuma yana da wani tushe: mutane na haɗa labaran duniya da rahotanni. Labaran duniya na farkon shiri an tsara su ne a kan abin da ya fi girma a duniya a wannan sa'a, don aikin da aka kafa gidan ya yi ke nan, ya kawo wa mai sauraro abin da tashar garinsu ba ta da wakilin da zai kawo. Sashen rahotanni shi ne na yankinmu. Labarin Kaduna zai iya zama na huɗu a labaran duniya amma ya zama rahoto na farko mai minti huɗu da hira kai tsaye. In kuwa ya kai girman harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, ko abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, ko sace ɗaliban Kuriga a Maris 2024, to ko'ina shi ne kan gaba, babu muhawara.

Ma'aunin da edita ke ɗora labari a kai: mutum nawa ya shafa cikin masu sauraro, sabo ne ko an ji shi a shirin da ya wuce, an tabbatar da shi, kuma akwai murya. Na ukun shi ke jinkirta labaran gida. Ƙa'ida a irin gidajen nan ita ce a samu majiya biyu da ba su dogara da juna ba, ko wakilinka ya gani da idonsa. Hari a ƙauyen Birnin Gwari ko Giwa inda babu sabis ɗin waya yakan kai awa da yawa kafin a samu shaida na biyu da martanin 'yan sanda, alhali ya riga ya cika Facebook da WhatsApp. Editan kirki zai gwammace ya makara da ya faɗi adadin mamatan da gobe zai janye. In zargi ne a kan gwamna ko hukuma, sai an nemi ɓangarensu, in sun ƙi magana a faɗa cewa an neme su.

Abin da ke lalacewa a aikace: wakili ya turo minti biyar a gurbin uku, baƙon da za a yi hira da shi ya kashe waya, layi ya yanke ana tsaka da magana. Saboda haka kowane jeri yana da rahoton ajiya da aka naɗa wanda ba ya tsufa, da kuma abin da aka yi wa alama tun farko cewa shi za a zubar in lokaci ya ƙure. Mai gabatarwa yana lissafi ne daga ƙarshe zuwa farko: in rufewa za ta fara a minti na 28, wasanni dole su fara a na 25, komai daɗin hirar da ake yi. Abin takaici, wanda ake zubarwa kusan kullum shi ne rahoton lafiya, noma ko ilimi, don ba ya da gaggawa. Nan ne nake ganin gidajen ke da rauni. Farashin taki a farkon damina ya shafi mai sauraro fiye da sauya sheƙar ɗan siyasa, amma siyasa ce ke da muryoyi a shirye. Gyaran da ke aiki shi ne a ba irin waɗannan batutuwa gurbi tsayayye a rana tsayayya, wanda edita ba shi da ikon taɓawa sai da izinin shugaban sashe.

Baban Kawo:

'Ya'yana, duk kun faɗi gaskiya, amma ban yarda da Hajiya cewa daga mai sauraro ake farawa ba. Daga mai biyan kuɗi ake farawa. Shi ke cewa da wane harshe za a yi magana, da wace ƙasa, kafin a zo maganar ƙarfe nawa.

Sashen duniya na BBC ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke ba shi kuɗi har zuwa Afrilun 2014, daga nan nauyin ya koma kan kuɗin lasisin talabijin da 'yan ƙasar ke biya. Har gobe ba a buɗe sashen wani harshe ko a rufe shi ɗungurungum sai da amincewar sakataren harkokin waje, ko da yake ba shi da ikon cewa a sa labari ko a cire. A 2011 aka rufe sassa biyar, ciki har da Fotugis na Afirka. Da gwamnati ta ƙara kuɗi, aka buɗe Pidgin a 2017, Yarbanci da Ibo a 2018, kuma ku lura ba a gajeren zango aka ɗora su ba, a intanet ne. A 2022 aka sanar da rage ma'aikata, a Janairun 2023 rediyon Larabci da ya fara tun 1938 ya yi shiru. DW daga harajin gwamnatin tarayyar Jamus take ci, ta kuma rufe tasharta ta watsawa a Kigali a 2015. Muryar Amurka tana da dokar 1976 da ta wajabta mata sahihin labari da bayyana manufofin Amurka, amma a Maris 2025 umarnin shugaban ƙasa guda ɗaya ya tsayar da shirye-shiryenta, har da na Hausa. Babu mai sauraron da aka tambaya a Kaduna ko Maraɗi.

Abin da ya riƙe rediyon Hausa shi ne yawan masu sauraro da ake ƙirgawa. Ana auna mutum nawa suka saurara aƙalla sau ɗaya a mako, ta hanyar bin gidaje da tambayoyi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da BBC ta fi jama'a a duniya. Haɗarin da nake hange shi ne ma'aunin intanet yana fitowa kullum, na rediyo sai an kashe kuɗi an yi bincike. Wanda ya danna bidiyo a waya an ƙirga shi nan take, makiyayin da ke sauraro a rugarsa a Ladduga ba ya cikin kowane allo. Manaja yakan karkata ga abin da yake gani, sai ma'aikatan da ke haɗa shirin safe su koma yanka bidiyo. Gidan da aka kafa don amfanin jama'a ya kamata ya fi damuwa da wanda ba shi da wata hanyar samun labari, ko da ƙirga shi na da wuya.

Hajiyar Unguwar Rimi:

Baba, na karɓi gyara, kuɗi ne ke yanke yawan awannin. Inda za a ajiye su a cikin wuni shi ne na mai sauraro.

Ƙanena, ga abin da za ka ɗauka zuwa tasharku. Kada ka sa babban labaranku a 6:30 ko 7:30 na safe ko 8:30 na dare. Ka duba kuma lokutan labaran Rediyon Tarayya na Kaduna da na KSMC, gidan rediyon jiha, ka kauce musu. Ka nemi gurbin da ke biye da shirin waje, ka cika shi da abin da rahoto shida ba za su ɗauka ba: farashi a kasuwar Sheikh Gumi da ta Bacci da Kawo, ruwan famfo, wutar lantarki, halin da hanyar Zariya da ta Abuja ke ciki, zaman majalisar jiha. Ka sami jadawalin lokutan salla na shekara guda ka ɗora naka a kansa, kada shiri mai muhimmanci ya faɗa kan Magariba a kowane wata. Ka rubuta jadawalin azumi daban tun wata biyu kafin ya kama, tunda kai ba hayar na'ura kake yi ba, kana da ikon gusawa. Shirin da aka saya da kuɗi, na ɗan siyasa ne ko na mai magani, kada a manna shi jikin labarai ba tare da take da sanarwa sun raba su ba. In kuma za ka sauya lokacin wani shiri, ka yi mako biyu kana sanarwa a cikin shirin kansa, sannan bayan an sauya ka ƙara mako guda kana faɗa a tsohon gurbin inda ya koma.